Yayana Mai Hoto da Hannun Mai Aski

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni da Yaya, kuma tun ina 'yar ƙarama na gane cewa farin jinin gidan gaba ɗaya shi aka danƙa wa. Shekara tara ya ba ni. Ni ce mai zuwa ta ɗaya a aji, ni ce mai wanke kwanuka tun kafin a ce in wanke, amma duk baƙon da ya shigo, ko zama bai gama yi ba zai ce wa Mama, "Ina wannan ɗan naki mai ban dariya?" Shi kuwa karatu ko a jikinsa. Yana aji huɗu a sakandare ya tattara littattafai ya ajiye, ya ce shi ɗaukar hoto zai koya. Mama ta yi kuka kwana biyu. A rana ta uku ya aro kyamara ya ɗauke ta tana zaune a bakin taga tana ɗinke masa aljihun wando, ya wanko ya kawo mata, faɗa ya ƙare. Hoton ya hau bangon falo. Takardar sakamakona, wadda babu jan biro ko ɗaya a cikinta, tana cikin akwati a ƙarƙashin gado.

Ba zan yi wa kaina kwalliya ba, ina kishin Yayana. Ina son sa, idan aka taɓa shi ni ce farkon mai tada jijiyar wuya, amma ina kishinsa, kuma abin bai sake ni ba har furfura ta fara fito mini.

Shekara ashirin da shida ya yi da shagonsa a kusa da tashar mota. Ɗaki ne ɗaya, da labule biyu a bango, ɗaya fari ɗaya mai zanen teku, sai kujera mai juyawa da ƙaramin madubi da mataji a rataye. Hoton fasfo yake yi, da na 'yan makaranta, da na amare. Bai taɓa ce wa mutum ya yi murmushi ba. Hira kawai yake ja, ya tambaye ka sana'arka, ya tsokane ka kan takalminka, sai ya ga kafaɗarka ta sauka sannan ya danna. Sauran masu hoto na layin sun cika gilashin ƙofarsu da hotunan kyawawan 'yan mata don jan ciniki. Gilashin Yaya kuwa hoton kyanwa ne, da na wani tsohon keke, da nasa shi da matarsa. Na sha yi masa dariya a kan haka. Ya ce mini, "Auta, sun zo ne su karɓi hotonsu, ba su zo su zama tallar shagona ba."

Da waya mai kyamara ta shiga hannun kowa, ciniki ya mutu a tsaye. Bai yi ƙorafi ba. Ya sayi kyamarar zamani, wadda ba ta cin fim sai ɗan kati kamar farce, ya zauna yana da shekara hamsin yana koyon kwamfuta da yatsa ɗaya. Ana cikin haka, wata safiya yana buɗe kwaɗon shago sai makulli ya faɗi daga hannunsa, ya sunkuya zai ɗauka, bai tashi ba. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kama shi, ɓarin dama.

Asibitin da nake aiki aka kawo shi. Aikina shi ne koya wa mutum sake yin abin da ya saba yi bayan ciwo ya ƙwace masa: riƙe cokali, ɓalla maɓallin riga, zuba ruwa a kofi ba tare da ya yi wa kansa wanka ba. Mutane suna haɗa mu da masu gashin ƙashi. Su suna tayar da hannu da ƙafa ne, mu kuma muna mayar da mutum kan sana'arsa da hidimar gidansa. Shekara goma sha takwas na yi a wannan sashe kafin a turo Yaya a keken marasa lafiya. Na tsorata ƙwarai, na yi kuka a banɗaki. Amma a can ƙarƙashin tsoron akwai wani abu mara kyau da na ji, kuma zan faɗe shi: na ji daɗi cewa yau dai ya shigo hannuna, zai ga abin da na iya.

Mara lafiya ne mai taurin kai. Na ba shi ƙwallon roba ya matsa, ya ture. Na ba shi allon da ake jera ƙananan sanduna a ramuka, ya kalle ni da rabin bakinsa da ke motsi ya ce, "Auta, wasan yara kika kawo ni in yi?" Sati uku yana zaune yana kallon bango. Ni ce na ce wa matarsa ta kawo kyamarar daga gida.

Duk kyamarar da na taɓa gani, maɓallinta a dama yake, kamar masu ƙera ta ba su san akwai mai ciwon dama ba. Kuma maɓallin hawa biyu ne. Ka danna rabi, ta daidaita idonta a kan abin da kake so, sannan ka ƙarasa ta ɗauka. Wannan rabin dannawar ita nake nema, domin yatsan da ya iya tsayawa a rabi ya iya ɓalla maɓallin riga. Na ɗora masa kyamarar a kan ƙafarta mai uku, na narka robar da muke yi wa hannu madogari da ita a ruwan zafi, na ƙera masa wurin ɗora tafin hannu. Wata huɗu muna fama. Da farko yatsan ko dai ya ƙi sauka ko ya faɗa gaba ɗaya, hoto ya fito kamar an shafa masa mai. Ranar da kyamarar ta yi ɗan ƙaran nan na daidaitawa kuma yatsan ya tsaya cak, duk ɗakin aka yi tafi. Likitan ƙwaƙwalwa ya zo da kansa ya dafa kafaɗar Yaya ya ce bai taɓa ganin mai ƙarfin zuciya irinsa ba. Ina tsaye a gefe da tawul a hannu, babu wanda ya tambayi wa ya kawo dabarar.

A sashenmu muna ɗaukar hoton hannun mara lafiya wata-wata mu sa a fayil, don a ga ko yatsu suna ƙara buɗewa, ko kumburi yana sauka. Ni da wayata nake ɗauka, a tsaitsaye, a ƙarƙashin fitilar silin. Wata rana Yaya ya leƙa wani hoto da na ɗauka ya ce, "Wannan hannu ne ko saiwar bishiya? Ga kuma takalminki a ciki, shi ma jinya yake?" Shugabar sashenmu tana wucewa ta ji, ta yi dariya har da riƙe ciki. Kafin sati ya zagayo ta roƙe shi ya riƙa zuwa Litinin da Alhamis yana ɗaukar mana, aikin sa kai.

Ya zo ya kafa mulki. Ya sa aka ja teburi zuwa bakin taga, ya ce hasken safe da ke shigowa ta gefe shi ke nuna tudu da kwarin hannu. Ya hana kunna walƙiyar kyamara, ya ce tana shafe kumburi ta sa tabo ya yi ƙyalli, hoto ya yi wa likita ƙarya. Ya shimfiɗa ƙyalle ruwan toka, ya ajiye rula a gefen hannu, ya manna salatif a ƙasa inda ƙafafun kyamara za su riƙa tsayawa, don nisan wannan wata ya zama daidai da na watan gobe. Ya ce kada a sake ɗaukar mara lafiya da waya, sai da katin sashe, daga katin zuwa kwamfutar ofis, a goge katin. Ni da na yi kwas na sati biyu a kan wannan har aka ba ni takarda, ina ji ina gani aka ce in riƙe masa rula.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne takardar amincewa. Muna da ita tun tuni, mai gida biyu: na farko, na yarda a ɗauki hotona don fayil ɗina, na biyu, na yarda a nuna shi don koyarwa ko a bainar jama'a. Mu dai miƙa ta muke yi mu ce a sa hannu a nan. Yaya kuwa sai ya karanta ta da ƙarfi, da harshensa mai nauyi, ya tsaya ya tambaya ko an gane. In ya ɗauka sai ya juya kyamarar ya nuna wa mai hannun, ya ce, "Kin yarda da shi, ko in goge?" Wata tsohuwa ta sa ya goge sau biyar saboda farcenta bai yi mata kyau ba, ya goge yana dariya. Layi yana tsawo, ni ina cika ina batsewa, su kuwa marasa lafiya har rigima suke a sa su ranar Litinin ko Alhamis.

Wata safiya mai shara ta nuna ni ga wata sabuwar nas ta ce, "Ga ta nan, ƙanwar Mai Hoto ce." A sashen da na shekara goma sha takwas! Da na je gaida Mama ranar Asabar, ta tsufa sosai lokacin, ta kama hannuna ta ce, "Ya aikin yayanki a asibitin? Ki riƙa taimaka masa, kin ji."

A wannan shekarar wani mai aski ya zo jinya sashenmu. Mutum ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, mai mata da 'ya'ya biyu. Babur ya kayar da shi, ƙarfe ya yanke masa jijiya a ƙasan gwiwar hannun dama. An yi masa aiki an ɗinke, amma yatsun sun lanƙwashe sun ƙi buɗewa. Kujera ɗaya yake da ita a shagon wani, shago mai kujera huɗu a kan babban titi, kuma ya shekara goma sha ɗaya yana tara masu zuwa wurinsa. Bai gaya wa mai shagon gaskiya ba. Ya ce masa ya tafi jinyar mahaifinsa, mai shagon ya ce zai riƙe masa kujerar wata biyar. Ta ƙofar baya yake shigowa asibiti, da riga mai dogon hannu, hannun a cikin aljihu.

Ranar farko na tambaye shi me ya sa yake ɓoyewa. Ya ce, "Malama, ke da kanki, in aka ce miki hannun mai aski ya taɓa mutuwa, za ki bar mijinki ya miƙa masa wuya da reza? Ko na warke sarai, in maganar ta fita, kujerar nan ta tafi."

Na ba hannun nan duk abin da na sani. Na ƙera masa madogari mai robobi da ke jan kowane yatsa. Na naɗa wa kilifarsa ta aski soso don ta cika masa tafi. Na hura balan-balan na shafa masa kumfar sabulu na ba shi reza ya aske, ya fasa sun fi talatin, kumfa har a girata, kafin ya aske guda ɗaya lafiya. Na sayo burushin shara ya riƙa daidaita gashinsa da almakashi. A wata na huɗu yatsun nan suna buɗewa suna rufewa, babban yatsa yana taɓa ƙaramin. A duk shekarun aikina ban taɓa yin abin da ya kai wannan ba, kuma na sani.

Hoto kuwa da farko ya ƙi sam. Yaya bai matsa masa ba. Ya rufe idon kyamarar da murfinta ya ajiye, suka yi ta hirar yadda ake gane mutum daga ƙeyarsa. Sai a zuwa na uku mai askin ya zaro hannun daga aljihu ya ɗora a kan ƙyallen. Hannu ne mai tsohon tabon ƙuna a gindin babban yatsa, da zoben azurfa mai koren dutse a ƙaramin yatsa, wanda kumburi ya hana cirewa. Ya sa alama a gidan farko na takardar, ya bar na biyu fayau. Yaya ya ce masa, "Daga nan sai fayil ɗinka. Ni na faɗa maka."

Sai ga sanarwa daga ofishin babban likita: za a yi makon nuna ayyuka, kowane sashe an ba shi allo a babban baranda, inda ake layin karɓar magani. Shugabar sashe ta ce kowa ya kawo aikin da yake alfahari da shi. Ban yi dogon tunani ba. Ranar Alhamis bayan an watse na sami Yaya yana naɗe ƙyallensa da hannu ɗaya da haɓa.

Na ce, "Yaya, hotunan mai aski nake so, na farko da na ƙarshe. Zan sa a allo."

Ya ce, "Gida ɗaya ya cika."

"Ai babu fuska a ciki. Babu suna. Hannu ne kawai a kan ƙyalle."

Ya ajiye ƙyallen. "Auta, in kin zauna a kujerar aski, me kike gani a madubi? Fuskarki da hannunsa. Minti ashirin, duk sati biyu, shekara goma sha ɗaya. Akwai mutanen da ba za su iya gaya miki kalar idonsa ba, amma zoben nan ko a mafarki za su gane shi."

Na ce, "Kwana biyar ne kawai, a cire."

Ya ce, "A zamanin fim hoto uwa ɗaya gare shi, in na ƙona ta ya ƙare. Yanzu duk wanda ya wuce da waya a aljihu zai iya haifar wani. Ki tambaye shi mana. In ya yarda, ni zan wanko miki da kaina, babba."

Ban tambaye shi ba, domin na san amsar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wai Yaya, wanda bai gama sakandare ba, wanda ni na koya wa yatsansa tsayawa, shi ne yake karanta mini ƙa'idar aikina. A makaranta an koya mana cewa in ka cire fuska da suna ka rufa wa mara lafiya asiri. Na riƙe wannan na yi ta nanata wa kaina. Ina da lambar buɗe kwamfutar ofis, domin fayil ɗin mara lafiyata ne. Ranar Juma'a, ranar da Yaya ba ya zuwa, na fitar da hotuna biyu na buga su manya. Na manna su gefe da gefe, na rubuta "Ma'aikaci mai sana'ar hannu, kafin jinya da bayan wata huɗu", na sa sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe.

Ranar Litinin allonmu ya fi na kowa tara jama'a. Na tsaya a gefe da sabon farin kaya ina jira. Babban likita ya zo da baƙinsa, ya daɗe yana kallo, ya matsa kusa, ya ja baya. Sannan ya ce, "Kai, wa ya ɗauki wannan? Dubi yadda haske ya kwanta a kan jijiyoyin nan!" Shugabar sashe ta ce ai wani bawan Allah ne da ya yi jinya a wurinmu. Suka yi ta yaba shi. Sunana yana nan a gaban hancinsu, babu wanda ya karanta. Yaya ta ƙofar baya yake shigowa saboda matakala, bai ma san abin da ake ciki ba, kuma ni ban gaya masa ba.

Ranar Laraba wani daga cikin masu zuwa aski wurin mutumin, da ya zo karɓar maganin hawan jini, ya tsaya a gaban allon, ya gane zoben. Ya zaro waya ya ɗauki hoton farko, na lanƙwasassun yatsu, bai ko kalli na biyun ba. Kafin la'asar hoton yana wayar mai shago, yana wayar sauran masu askin uku, yana wayar rabin masu zuwa shagon. Wannan duk daga baya na ji.

Ranar Alhamis da safe mai aski ya shigo, karon farko ta ƙofar gaba, hannunsa a waje. Yaya yana daidaita ƙafafun kyamara a kan salatif. Ina tsaye a bakin teburi, tsakanina da mai askin bai fi taku biyu ba. Ya wuce ni kamar bango, ya ajiye wayarsa a kan ƙyallen toka.

Ya ce, "Baba, ka ce mini daga nan sai fayil."

Yaya ya kalli wayar ya daɗe. Ɓarin fuskarsa mai lafiya ya koma kamar ɗayan. Ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, sannan ya mayar da idonsa kan mai askin ya ce, "Na faɗa. Ban cika ba. Ka yafe mini."

Na ce, "Ni ce. Ni na fitar, ni na manna. Ya hana ni, ban ji ba."

Mai askin bai juyo ba. Ya ce wa Yaya, "An ba wani kujerar jiya. Mai shago ya ce ba don hannun ba ma, don ƙaryar da na yi masa. Saura sati uku in koma, Baba. Sati uku."

Na sake cewa, "Malam, ni ce fa."

Sai a lokacin ya dube ni, ba da faɗa ba. Ya ce, "Na ga sunanki, Malama, na iya karatu. Amma ni ba ke na ba hannuna a gaban kyamara ba." Ya ɗauki wayarsa ya fita.

Ko fushin ma ban samu ba. Na yi wata huɗu ina murza yatsun mutumin nan ɗaya bayan ɗaya, na san inda yake jin zafi tun kafin ya yamutsa fuska, amma da aka ci amanarsa, Yaya ya nema, domin a wurin Yaya ya ajiye ta. Ina tsaye kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma a cikin kunyar ina jin kishi. Na raina kaina a ranar.

Na je da kaina na yage hotunan daga allo. Shugabar sashe ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Ita ma ta ga allon tun Litinin ba ta duba takardar ba, don haka faɗan nata bai yi tsawo ba, amma an ba ni takardar gargaɗi kuma an canja lambar kwamfuta. Mai askin ya aiko matarsa ta ce a mayar da shi wurin abokiyar aikina, wata da na girme ta a aiki da shekara goma. Ya koma zuwa ranar da ba na duti.

Yaya bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da na ji sauƙi. Abin da ya yi shi ne ya daina ce mini Auta. A wurin aiki sai ya ce, "Malama, a miƙo rula," kamar kowane mara lafiya. A gidan Mama sai ya gaishe ni ya juya ya ci gaba da hira da ita. Wata biyu a haka. Matar Yaya ce ta gaya mini cewa ya nemi gidan mai askin, ya hau mota biyu da sandarsa, ya je sau uku. Na farko ba a buɗe masa ba. Na biyu aka ba shi ruwa a tsaye. Na uku suka zauna. Ya kuma je wurin mai shagon ya roƙa, mai shagon ya ce aikin gama ya gama. Ni na rubuta wasiƙar ban haƙuri na ba abokiyar aikina ta miƙa, ta dawo mini da ita a rufe yadda na ba ta.

Bayan kusan wata bakwai, wata Asabar da rana, na biya gidan Yaya in kai wa matarsa maganinsa. Na same shi a falo da kyamara a cinya, yana goge idonta da ɗan ƙyalle, yana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Matarsa ta ce daga wurin mai aski yake. Ashe mai askin ya sami wani ɗan lungu a ƙarƙashin benen wani mai sayar da taya, a can wata unguwa da ba a san shi ba, ya sa kujera ɗaya da madubi. Yau ya buɗe, kuma ya aiko a kira Yaya ya ɗauke shi yana aiki.

Wata bakwai ban ga hannun nan ba. Ban san ko ƙaramin yatsan ya ƙarasa miƙewa ba, ban san ko yana riƙe reza ba tare da soso ba. Na zauna a hannun kujera na ce, "Yaya, nuna mini. Guda ɗaya kawai."

Ya kashe kyamarar ya sa mata murfi. Ya ce, "Na tambaye shi, Auta. Tun kafin ki roƙa na tambaye shi, don na san za ki so ki gani. Ya ce a'a."

Na ce, "To gaya mini kawai. Hannun yana buɗewa duka?"

Ya ce, "Wannan ma nasa ne."

Na tashi na ɗauki jakata, idona ya cika. Har na kai ƙofa ya ce wai zafi ya dame shi, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya juya yana neman mafici a bayan kujera. Sabon aski ne a kansa. Na dawo na tsaya a bayansa. Layin ƙeya ya tafi sambal daga kunne zuwa kunne, an bi bayan kunnen da reza an kewaye, babu yanka, babu inda hannu ya yi rawa. Na sa yatsa na bi layin a hankali, shi kuwa bai motsa ba.

Ni na tayar da hannun nan, amma Yaya ne ya zauna a ƙarƙashinsa ya miƙa wuya. Na daɗe ina kallon ƙeyarsa, har matarsa ta leƙo daga kicin ta ce lafiya kuwa.